Numfashin Mu'mina

Kafin in ce komai, ina roƙon masu zagina a ƙasan rubutu su ɗan saurara har su kai ƙarshe. Na san wasunku sun gama yanke min hukunci tun ranar da na ce zan auri mahaifin yarinyar da nake dubawa a asibiti. Ban ce ba ku da gaskiya ba. Amma yau ku zauna ku ji inda abin ya kai ni, in ya so kowa ya faɗi abin da zai yi da a ce shi ne.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Nasiha, shekarata talatin da biyu, likitar yara ce ni a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke GRA a nan Maiduguri. Saura kwana goma sha tara a ɗaura min aure da Abdulhafiz, dillalin busasshen kifi a kasuwar Baga Road. Ya taɓa aure, sun rabu da matar, Fanna, shekara uku ke nan. 'Yarsu ɗaya, Mu'mina, shekararta bakwai, tana da asma. Ta dalilinta muka haɗu, ranar da ya shigo ofishina da ita a kafaɗa, takalminsa ƙafa ɗaya.

Ranar Litinin da safe na fito wanka na tarar Ammi, mahaifiyata, ta kifa kabbasa, kwandon turara kaya, a kan kasko a tsakiyar ɗakina, ta lulluɓa laffayata mai ruwan zuma a kai, hayaƙi yana fita ta ko'ina.

"Ammi, ita fa zan sa zuwa aiki."

"Ai shi ya sa."

"Na sha gaya miki yaran da nake dubawa ba sa son turare."

"Yaran da kike dubawa ne za su aure ki?" Ta juya laffayar ba ta ko kalle ni ba. "Amarya saura kwana goma sha tara tana warin asibiti. Ranar Asabar mai dilke za ta fara zuwa ta gyara miki jiki, kar in ji kin ce min aiki."

Na jawo wata doguwar riga toka-toka daga can ƙasan akwati inda hayaƙi bai kai ba, na yafa baƙin mayafi. Ina ɗaura agogo wayata ta yi ƙara. Abban Mu'mina, haka na ajiye sunansa.

*Dakta, ta sake tashi da abin nan bayan asuba. Muna shiri, za mu zo da Hajja.*

*Ta shaƙi shuɗin inhela?*

*Sau biyu. Bai sake ta sosai ba.*

*Kar ku jira shiri. Ku taho.*

A keke napep ina ta lissafi da yatsuna. Karo na huɗu ke nan cikin wata huɗu. Shekara ɗaya da rabi da na yi ina duba Mu'mina tana hannun uwarta, sau biyu kacal aka taɓa kawo ta a rikice. Da ƙaramar salla ta zo hutu gidan kakarta Hajja a Lamisula, inda Abdulhafiz ma yake zaune a sashensa. Hutu ya ƙare, Hajja ta ce yarinya ba ta komawa. Hujjarta ɗaya, tunda ɗanta zai auri likitar yara, ina Mu'mina za ta samu kulawar da ta fi ta gidan ubanta? Ni ce hujjar, masu karatu. Ba wanda ya tambaye ni. Fanna ta yi sintiri ta gaji, ta kai ƙara kotun shari'a.

Na riga su isa asibiti, don haka na fara ganin wadda ke kan layi. Malama Ketura ce, malamar firamare, da 'yarta Dorothy mai shekara takwas. Kafin uwar ta gama gaisuwa Dorothy ta hau ma'aunin nauyi, ta sauka, ta buɗe famfo, ta dawo tana leƙa cikin aljihuna. Wata biyu muna bin lamarinta, da rahoton makaranta da na gida, sai ranar na ba su amsa.

"Abin da muke kira ADHD ne, Malama. Ba rashin ji ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Hankalinta ne ba ya iya tsayawa wuri ɗaya kamar na sauran yara, ko da tana so."

Ta sunkuyar da kai. "Babanta ya ce bulala ce kawai ba ta isa ba."

"Bulala ba ta maganinsa, sai dai ta koya mata tsoron gidanku. Ki gaya masa ni na faɗa. In bai yarda ba ya zo ya same ni."

Haka na faɗa, kaina tsaye, muryata ko rawa babu. Faɗar gaskiya a kan gidan wasu ba wuya gare ta.

Suna fita Sista Phebe ta leƙo. Ita ce babbar nas ɗinmu, 'yar Marama, ta girme ni da shekara ashirin, ba ta ɓoye magana ko a gaban wa.

"'Yarki ta iso. Na sa ta a ɗaki na biyu."

Mu'mina tana zaune bakin gado cikin rigar makaranta, ta dafa gwiwoyinta, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Ramin wuyanta yana lotsawa duk jan numfashi. Tun daga ƙofa nake jin ƙirjinta yana fito. Na maƙala mata abin auna iska a yatsa, ya nuna tamanin da tara. Phebe ta riga ta haɗa na'urar turara magani, muka rufa mata a hanci da baki, muka ƙara da oksijin.

"Anti Dakta," ta ce ta cikin robar.

"Kar ki yi magana. Ki kalle ni kawai, mu ja tare."

Abdulhafiz yana jingine da bango, farar shaddarsa a yamutse, hularsa a hannu yana murza ta. Hajja kuwa ta samu kujera ta zauna, laffaya shuɗiya mai adon zinari, carbi a hannu. Tunda ta shigo ɗakin ya cika da ƙamshin hawi da sandal. Ba laifinta ba ne a ce tana ƙamshi, sana'arta ke nan. Duk amaryar da ta isa a Lamisula turaren Hajja take kaiwa ɗakin miji. A tsakar gidan ake soya shi, tukwane uku a kan gawayi, daga hantsi har la'asar, kwana biyar a mako. A ɗakin zaure kuma kwalayen banda ne na Abdulhafiz da ake ajiyewa kafin mota ta ɗauka.

Sai da muka yi zagaye uku kafin lambar ta hau casa'in da biyar. Mu'mina ta kwanta a jikina tana gumi. Na ce a miƙo min jakar magungunanta. Shuɗin inhela na gaggawa ya kusa ƙarewa. Mai ruwan ƙasa, na kariya, wanda ya kamata ta shaƙa safe da yamma kullum, na girgiza shi na ji shi cike kamar yadda na ba su wata guda da ya wuce.

"Mu'mina, wannan fa?"

Ta saci kallon kakarta.

"Ni na ɗauke," Hajja ta ce, hankalinta kwance. "Yarinya lafiyarta ƙalau a ce kullum sai ta zuƙi abu? Haka ake sabawa, a girma ba a iya numfashi sai da shi. Fuka ce, 'yata, ta gado ce. Kakanta ma ya yi, da zuma da man habbatus sauda ya rabu da ita."

"Hajja, ba a sabawa da shi. Shi ne yake hana ƙirjin kumbura. Kuma hayaƙin nan na tsakar gida..."

"Hayaƙin da ubanta ya girma a ciki?" Ta yi murmushi. "Ki zo dai ki tare. In kin shigo sai ki riƙa ba ta da hannunki, ni na huta."

Na kalli Abdulhafiz. Yana kallon tayil.

Na ce za a riƙe Mu'mina har la'asar. Hajja ta tafi gida ta duba tukwanenta. Shi kuma ya biyo ni ofis, ya tura ƙofa, ya zauna a kujerar da iyayen yara suke zama. Idanunsa sun yi ja. Ba zan ɓoye muku ba, duk lokacin da na gan shi a haka zuciyata narkewa take yi. Mutum ne da in 'yarsa ta yi tari a waya sai ya bar ciniki a tsakiya.

"Dakta, ranar Alhamis za a zauna a kotu."

"Na sani."

"Lauyana ya ce in da takarda daga likitar da take duba ta, magana ta ƙare. Layi biyu kawai. Cewa tana samun kulawa a hannunmu, kuma zamanta a gidan ba shi da illa."

"Abban Mu'mina, yanzu fa ka ga abin da na gani."

"Na gani. Amma saura kwana nawa ki shigo gidan? In kina nan ai ba za ta ƙara fashin magani ba. Ba ƙarya za ki rubuta ba, abin da zai faru ne za ki riga rubutawa."

"Maganin rabi ne. Ko na ɗura mata shi da hannuna, in tana kwana tana tashi cikin hayaƙin nan za mu ci gaba da dawowa ɗaki na biyu. Wata rana kuma ba za mu iso da wuri ba."

Ya runtse ido. "Kar ki faɗi haka."

"To a mayar da suyar turaren wani wuri. Ko mu kama haya, ni da kai da ita."

Da ya buɗe baki muryarsa ta yi ƙasa.

"Lokacin da muka baro Monguno ba mu da ko akuya. Da tukunya ɗaya Hajja ta fara, a ɗakin aro. Da ita ta ciyar da ni, da ita ta ba ni jarin kifi. Ni kaɗai gare ta. In je in ce mata sana'arki ce take kashe jikarki? Ko in kwashe kayana in bar ta ita ɗaya a gidan? Ki ba ni lokaci, Nasiha. Bayan biki zan san yadda zan lallaɓa ta."

Ba ya kiran sunana sai magana ta kai maƙura.

"In Fanna ta karɓe ta," ya ci gaba, "Damaturu za su koma wurin yayanta, ta riga ta faɗa. Sai in riƙa ganin 'yata salla-salla. Ba zan iya ba."

"Bari in yi tunani."

"Gobe da azahar zan zo in karɓa." Ya miƙe, ya sa hularsa, a bakin ƙofa ya juyo. "Kin yi kyau da tokar nan." Ya yi ƙoƙarin murmushi, bai fito ba.

Yana fita na kira Dakta Manasse, mai asibitin, dattijon da ya koya min rabin abin da na sani. Tun da aka kawo gaisuwata ya ce in miƙa masa fayil ɗin Mu'mina, ba kyau likita ya duba na gida. Ni ce na yi ta jan ƙafa, don yarinyar ba ta yarda kowa ya taɓa ƙirjinta sai ni. Yana Biu wurin jana'izar ƙaninsa. Na zayyana masa komai, na ce ko shi zai rubuta in ya dawo.

"Sai mako mai zuwa zan dawo, Nasiha. Kuma ko na dawo, me zan rubuta? Shekara biyu rubutun hannunki ne a fayil ɗin. Abin da kika gani shi zan karanta." Ya ɗan yi tari. "Ba zan gaya miki abin da za ki yi da aurenki ba. Amma takardar asibitina ba ta ɗaukar abin da ba ya cikin fayil."

Wannan ƙofar ma ta rufe.

Da la'asar na sallami Mu'mina. Na durƙusa na nuna mata yadda za ta sa inhela mai ruwan ƙasa a aljihun jakar makarantarta, ta shaƙa a mota in babanta zai kai ta, ta sake in ya ɗauko ta. Ina yi ina jin kunyar kaina, likita guda ina koya wa yarinya ɓoye magani a gidansu.

"Anti Dakta, in kin zo gidanmu a ɗakinki zan riƙa kwana?"

"In sha Allahu."

"Ɗakinki ma yana ƙamshi. Kaka ta sa an turara labulayen jiya."

Na isa gida daf da magariba. Tun daga ƙofa na ga takalman Ya Auwal, babban wanmu, wanda yake riƙe da gidan tun rasuwar Baba. Daga Kasuwar Shanu yake, ko wanka bai je ya yi ba. Suna zaune a kan darduma shi da Ammi, ga shayi ya huce a gabansu ba wanda ya taɓa. Akwatunan lefena guda shida suna jere a bango inda aka bar su don 'yan gani.

"Zauna," Ammi ta ce. "Hajja ta kira ni."

Na zauna a bakin kujera, jakata a cinya.

"Ta ce an nemi ki rubuta layi biyu kin ce sai kin yi tunani. Tunanin me?"

"Ammi, yarinyar ba ta da lafiya a gidan."

"Ke za ki shiga gidan ai. Ko ba aikinki ba ne?"

"Ba zan iya sa hannu a kan abin da na san ba haka yake ba. Kotu fa za a kai."

Ya Auwal ya gyara zama. Shi ba ya faɗa, a hankali yake yanka. "Nasiha, ba wanda ya ce ki yi ƙarya. Amma ki duba. Mutanen nan sun zo da mutunci, mun karɓe su da mutunci. An raba goro, 'yan'uwa daga Dikwa sun fara shiri. In kika tsaya a bayan tsohuwar matarsa a gaban alƙali, da wane ido zan kalli Abdulhafiz? Ke kuma da wane ido za ki shiga ɗakin uwarsa?"

"Ba bayan Fanna na tsaya ba, Yaya. Yarinyar..."

"Yarinyar tana da uwa tana da uba," Ammi ta katse ni. "Ke me kike da shi? Na farko da ya nemi aurenki ya tafi don kin ce sai kin gama karatu. Na biyu ya tafi don kin ce ba za ki bar aiki ba. Ban ce komai ba, na zuba miki ido. Ƙannenki biyu suna ɗakunansu da 'ya'yansu. Duk bikin da na je sai an tambaye ni, ina likita, har yanzu? Yanzu Allah ya kawo wanda kike so da kanki, ba mu muka zaɓa miki ba, za ki sa alƙalami ki soke."

Muryarta ta karye a ƙarshe. Ta ja gefen mayafinta ta share ido. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Aka kira salla, Ya Auwal ya tashi. Yana sa takalmi ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ki yi istihara. Amma ki sani ba ke kaɗai za ki ɗauki abin da zai biyo baya ba."

Bayan na idar da salla na tarar da saƙonni uku.

*Ta ci abinci, tana wasa. Na gode Dakta.*

*Na san na ɗora miki nauyi.*

*Ban taɓa roƙonki komai ba sai wannan.*

Na rubuta amsa na goge ya fi sau biyar. Daga ƙarshe na tura, *Ka tabbata ta shaƙi mai ruwan ƙasa kafin ta kwanta.* Ya turo hoton zuciya. Na kifa wayar.

Ku da kuke cewa in rabu da shi kawai, ku ba ku san shi ba. Ku da kuke cewa in rubuta kawai, ai aure ya fi komai, ku ba ku taɓa riƙe yaron da iska ta ƙi shiga ƙirjinsa ba. Ni na san duka biyun.

Ranar Talata na ga yara goma sha ɗaya kafin sha biyu, masu zazzaɓi, masu gudawa, da wani jariri mai ƙurajen zafi. Tsakanin kowane biyu sai in jawo takardar asibiti mai tambari in ajiye a gabana. Na rubuta kwanan wata. Na rubuta sunan Mu'mina da shekarunta. Daga nan alƙalamin ya ƙi tafiya.

Sha biyu da rabi Phebe ta shigo da kati a hannu, fuskarta wani iri.

"Akwai wata ta yanki kati tun ƙarfe tara, ta bi layi, amma ba ta zo da yaro ba. Na ce mata nan asibitin yara ne, ta ce ta sani." Ta ajiye katin. "Uwar Mu'mina ce. In ce ba kya nan?"

Na kifa takardar. "Ta shigo."

Na san Fanna, mana. Shekara ɗaya da rabi ita take kawo Mu'mina duk wata, da 'yar jakarta ta magani a tsare. Amma tun da maganar aurena ta fito ba mu haɗu ba. Ta rame. Hijabi ruwan toka har ƙasa, ba kwalli, ba ƙamshin komai a jikinta. Na tuna ita ce uwa ɗaya tilo da na ce ta daina turare a ɗaki ta daina a ranar, har humrarta ta rabar.

"Wushe, Dakta."

"Wushe, Maman Mu'mina. Bismilla."

Ta zauna, ta haɗa hannuwanta a cinya. "Ban zo neman mijinki ba, ki kwantar da hankalinki. Ni da shi mun gama, kuma ba mugu ba ne. Gidan ne ban iya ba, ke Allah ya ba ki ikon iyawa." Ta numfasa. "Jiya an kawo ta nan."

"Wa ya gaya miki?"

"Malamar ajinsu. Ita nake kira kullum in ji ko ta zo makaranta, tunda Hajja ta hana a ba ta waya." Ta ɗago ta dube ni. "Nawa abin yatsan ya nuna?"

Uwa ce, tana da haƙƙin sani. "Tamanin da tara."

Ta rufe ido. Leɓunanta suna motsi, ina jin tana salati. Ni na koya mata ma'anar lambobin nan da bakina.

"Dakta, ni ban yi boko mai nisa ba. Duk abin da na sani a kan ciwon nan ke kika koya min. Kika ce in wanke zanin gado da ruwan zafi, na wanke. Kika ce in fitar da kafet, na fitar. Kika ce mai ruwan ƙasa safe da yamma ko tana lafiya, ban taɓa fashi ba. Ban taɓa kama ki da ƙarya ba." Ta ciro wani ƙaramin Alƙur'ani daga jakarta, a naɗe cikin kyalle, ta ɗora a kan teburina, kusa da takardar da na kifa. "Na gaji da kotu. Ba na so 'yata ta girma ta ji uwarta da ubanta sun yi shari'a a kanta. In kika ce min, tsakaninki da Allah, Mu'mina za ta yi numfashi lafiya a gidan nan in kin tare, gobe zan je in janye ƙarar. In bar miki ita. Na san ba za ki cuce ta ba."

Masu karatu, kun ji. Ba takarda, ba alƙali, ba lauya. Kalma ɗaya daga bakina, Abdulhafiz ya samu 'yarsa, Hajja ta samu jikarta, Ammi ta samu bikinta, ni in samu mijina. Ba wanda zai taɓa sanin abin da aka yi a ɗakin nan. Har na fara tsara yadda zan yi a raina. Zan rufe tagoginta, zan sa ta kwana a ɗakina, zan lallaɓa Hajja a hankali, wata shida, shekara. Sai na tuna daga bakwai na safe zuwa la'asar ina nan asibiti, ita kuma ana tashinsu daga makaranta ƙarfe ɗaya, lokacin da tukwane ukun suke kan wuta.

Fanka tana juyawa a sama. A waje wani yaro yana kukan allura. Fanna jira kawai take yi.

"Ki ɗauke Alƙur'anin, Maman Mu'mina."

"Ba za ki rantse ba?"

"Ba zan iya ba."

Ban san hawaye ya zubo min ba sai da ya ɗiga a bayan takardar. Ita ba ta yi kuka ba. Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani. Ta naɗe Alƙur'anin ta mayar jaka, ta ciro wata farar ambulan.

"To ki yafe min. Na so a ce ban ba ki wannan ba." Ta tura min. "Sammaci ne. Na ce wa ma'aikacin kotun ya jira a waje, in kin rantse in mayar masa ya koma da shi. Alƙali yana so ki zo ranar Alhamis da fayil ɗinta."

Na karɓa. Sunana ne a jiki, cikakke, har da na Baba.

Wayata ta yi haske a kan tebur. *Na iso Dakta, ina wurin ajiye motoci. An gama?*

Kafin in taɓa ta Phebe ta turo ƙofa, ta shigo, ta mayar ta rufe da bayanta. Ta kalli Fanna, ta kalli ambulan ɗin da ke hannuna.

"Alhaji Abdulhafiz ne. Yana tambaya ko ya shigo." Ta rage murya. "Ba shi kaɗai ba ne. Hajja tana mota, da Amminki a gefenta."

Fanna ta yunƙura za ta tashi. "Bari in fita ta baya, kar in ƙara miki."

Na jawo fayil ɗin Mu'mina daga aljihun tebur, na buɗe shi a shafin jiya.

"Ki zauna, Maman Mu'mina. 'Yarki ce ake magana a kai." Na share fuskata da gefen mayafi. "Sista, ki ce ya shigo. Su Hajja ma su shigo. Ki ƙaro kujeru."